Abin da Ya Fi Zinari a Lefen Saude

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kai lefen aurena ba. Ko da ma na so in manta, akwai wasu mata a unguwar Gobarau, waɗanda a lokacin 'yanmata ne yanzu kuwa duk sun yi jikoki, da suka ɗauki tuna mini a matsayin aikin lada. Har yau in na bi ta layinsu sai wata ta ɗaga murya ta ce, “Ango, ya tabarmar ƙoda?” Ni da furfura ta gama cinye mini kai, sai in ce lafiya lau, in ƙara sauri.

Lokacin da abin ya faru kuɗin man fetur ne ke tashe. Mai keke ya koma babur, mai babur ya koma fijo, shinkafar waje da kifin ƙanƙara sun cika kasuwar Katsina, gwamnati kuma tana ta tura samari karatu ƙasashen Turai. Ni ma na samu shiga. Na dawo da digiri a ilimin halittu, da wando mai faɗin ƙafa, da suma tuli, da wani girman kai da ba na jin ya taɓa shiga gidanmu na Ƙofar Sauri kafin ni. Aka ba ni koyarwa a wata kwaleji, ina kuma ƙarin karatu a jami'a, inda nake zuwa lokaci-lokaci da kayan bincikena.

Bari in faɗi binciken a taƙaice, tunda rashin yin haka a kan kari ne ya jawo mini komai. Jikin mutum da na dabba ƙananan ƙwayoyin halitta ne suka taru suka gina shi, kuma ƙwayoyin nan ba a iska suke zaune ba. A ƙarƙashin fata, da cikin hanji, da kewayen jijiyoyin jini, da matatar da ke cikin ƙoda, akwai wani siririn tantani da suke zaune a kai, wanda ido ba ya gani sai da madubin likita mai ƙarfi. Ni tabarma nake ce masa, domin saƙa shi aka yi, sai dai ba da kaba ba, da zaren furotin iri-iri. Da can an ɗauka tabarmar iri ɗaya ce a ko'ina. A shekarun nan ne aka fara gano zarurrukan ɗaya bayan ɗaya, aka kuma fara zargin cewa saƙar da ke cikin ƙoda daban take da ta fata, kuma ta ɗan tayin da ke cikin uwarsa daban take da ta babbar dabba. Wato jiki yana sake shimfiɗa yayin da yake girma. Aikina shi ne in samo 'yan yankan nama daga ɗan tayin tunkiya da kuma babbar tunkiya, in kai jami'a cikin sanyi a kwatanta su. Abu ne mai amfani, domin in tabarmar ƙoda ta yage, abin da ya kamata ya tsaya a jini sai ya bi fitsari.

Kun ga dai ban daɗe ba na gama. A wancan zamanin kuwa, wanda ya tambaye ni amsa biyu nake da ita: ko in ce masa ba zai gane ba, ko in riƙe shi da bayani har ya yi da-na-sanin gaishe ni.

Wadda ta fi kowa shan amsa ta biyu ita ce Saude, 'yar Alhaji Maiwada mai sayar da yadi, wadda nake nema da aure. Tana koyon aikin jinya a lokacin, kuma wannan ne ya sa na ɗauka na samu ɗaliba. Samari suna zuwa zance da kalamai masu daɗi, ni kuwa in muka zauna a ƙofar gidansu bayan la'asar sai in buɗe mata darasin tantani. Tana saurare, tana murmushi, wani lokaci ma ta yi tambaya. Sau ɗaya kawai ta taɓa katse ni, ta ce, “Malam, ni dai tabarmar da muke bisa ta fara cin ƙafata.” (Na yi dariya a lokacin, amma sai bayan shekaru na gane cewa kora ce cikin ladabi.) Ina son ta ƙwarai, ban dai iya faɗa ba sai ta hanyar ƙodar tunkiya.

Yanzu sai maganar fulas. Daga Turai na zo da shi, wani babban fulas na ƙarfe mai faɗin baki, yana walƙiya har kana ganin fuskarka a jiki, an yi shi don ɗaukar kayan bincike cikin ƙanƙara. Murfinsa yana da wani ɗan maɓalli da sai an danna kafin a murɗa, wanda bai sani ba zai wuni yana kokawa da shi. A duk Ƙofar Sauri babu irinsa, kuma na tabbatar kowa ya san haka.

Wata rana ina goge shi a tsakar gida sai ga Gwaggo Asabe, yayar mahaifina. Ita ce ta goya ni bayan rasuwar Baba, lokacin da Inna ke takaba, kuma ita ce aka ɗora wa haɗa lefena da kai shi. Ta tsaya tana kallon fulas ɗin, ta ce, “Kai ɗan nan, wanga abu mai walƙiya na mi ne ne? Mi ake zubawa ciki?”

Ban ko ɗaga kai ba na ce, “Gwaggo, ko na yi maki bayani ba za ki gane ba. Abin da ke shiga cikin nan dai ya fi zinari.”

Ta ce, “Ya fi zinari?”

Na ce, “Nesa ma.”

Ta gyaɗa kai ta wuce. Ni a wurina an gama magana, ashe ita ajiye ta ta yi a wuri mai kyau.

Aka sa ranar kai lefe wata Asabar. Kayan duk suna tsohon ɗakin Baba, ɗakin ƙasa mai kaurin bango, wanda ya fi ko'ina sanyi a gidan: akwatuna sababbi, atamfofi, leshi, shadda, takalma, turaruka, da wata sarƙa da na daɗe ina tara mata. A al'adarmu ango ba ya tsoma baki a maganar lefe. Ya kawo abin da Allah ya hore masa, ya kau da kai, ranar kaiwa kuma ya ɓace daga gidan don kunya. Wannan ya yi mini daidai, don na shirya in shiga mota da yamma in tafi jami'a.

Ranar Asabar ɗin da asuba na tafi kwata. Na daɗe ina sintiri can ina neman ɗan tayi ban samu ba, domin mahauta ba sa yanka tunkiya mai ciki da gangan, sai dai in an buɗe a tarar. Ranar kuwa na taki sa'a. Na yanko ƙoda da fata da hanji na uwar, na zuba kowanne a 'yar kwalbarsa, na manna takarda na rubuta da jan biro. Shi ɗan tayin, wanda bai wuce tafin hannu ba, na ciri abin da na iya cira, sauran na naɗe shi ɗungurungum a leda don in ƙarasa a jami'a. Na biya wurin masu kifi na sayi ƙanƙara, na cika fulas, na rufe. Da na dawo gida na nemi wuri mafi sanyi na ajiye shi. Kun riga kun san ɗakin.

Kafin hantsi gida ya cika da 'yan kai lefe, gwaggwanni da innoni da matan maƙwabta, kowace tana neman ango ta tsokana. Na yi wanka na lallaɓa zan fice, Gwaggo Asabe ta tare ni a bakin zaure.

“Tsaya mana, ango. Kayan da ke ɗakin ga, duk na tahiya ne?”

Mata suka sa guɗa. Kunya ta rufe ni, kaina a ƙasa na ce, “Duk abin da ke ɗakin, Gwaggo,” na haye babur ɗina ƙirar basfa na gudu majalisar abokai. Can na zauna ana ta zolayata, ina ta yi musu bayanin sa'ar da na yi a kwata, ba wanda ke saurare.

Bayan azahar na dawo ɗaukar fulas in wuce tasha. Gida tsit, sai Inna ita kaɗai tana tsince shinkafa. Na shiga ɗakin Baba na tarar da shi fayau. Na duba bayan ƙofa, na duba ƙarƙashin gado, har randa na leƙa, sai ka ce fulas yana da ƙafa. Na fito na ce, “Inna, ina fulas ɗina?”

Ta ce, “Wane? Mai walƙiyar? Ai Gwaggonka ta aza shi bisa akwatin farko. Ta ce kai da bakinka ka ce abin ciki ya fi zinari, ta san ɗiyar mutane ka ɓoye mawa. Sun yi ta fama da murfin ya ƙi buɗuwa, ta ce a bar shi, amarya ta buɗe abinta.”

Ban san lokacin da na koma kan basfa ba. Daga Ƙofar Sauri zuwa Gobarau ba wata tafiya ba ce, amma ranar na ga kamar an ƙara wa garin tsawo. Ina tafe ina addu'a iri biyu a lokaci guda, Allah ya sa ba a buɗe ba, Allah ya sa ƙanƙarar ba ta narke ba. (Ina jin kunyar faɗa, amma ta biyun ta fi fitowa da ƙarfi.)

A nan ne na yi babbar wautar. Daga baya na samu labarin cewa matan gidan su Saude ma sun gwada murfin ya gagare su, har sun ajiye fulas ɗin gefe, an ci gaba da ɗaga atamfofi. Da na tsaya a waje na aika a kira mini Gwaggo na raɗa mata, da ta san dabarar da za ta fito da shi ba wanda ya ji. Ni kuwa sai na jingine babur, na ratsa zaure, na faɗa tsakar gidan surukaina da takalmi a ƙafa, gidan da ban taɓa wuce ƙofarsa ba. Mata maƙil a kan tabarmi, akwatuna a buɗe, Hajiya Kulu ƙanwar Alhaji tana tsaye ta ɗaga leshi ana yabawa. Na hango fulas a gefen ƙafarta, na ɗaga hannu na ƙwala ihu:

“Kada a buɗe! Don Allah kada wanda ya buɗe!”

Guɗar da wata ta ɗauko ta tsaya mata a maƙogwaro. Kowa ya juyo. Ango ne a tsakiyar lefensa, gumi sharkaf, suma a tsaye.

Hajiya Kulu ta ninke leshin a hankali ta ajiye. Mace ce doguwa mai farin gilashi, ba ta da gaggawa a komai. Ta ce, “Ikon Allah. Sannu da zuwa, ango. Mi ke ciki da ba a so mu gani?”

Na ce, “Ba komai, Hajiya. Kuskure aka yi, kayan aikina ne.”

Gwaggo Asabe ta yi dariya don ta rufa mini asiri, ta ce, “Kunya ce, Hajiya. Zinari ne ya ɓoye ma ɗiyarku, shi da bakinshi ya gaya mani.”

Hajiya Kulu ta ce, “To kayan aiki ne ko zinari? Abin da ya shigo gidan ga cikin lefen ɗiyarmu, sai mun ga cikinshi. Tunda ga mai shi ya zo, bismilla.” Ta turo mini fulas ɗin da ƙafa.

Na duba Gwaggo, ta yi mini alama da kai cewa in buɗe, fuskarta cike da alfahari, tana jiran a ga irin ɗan da ta goya. Na durƙusa, na danna maɓallin, na murɗa. Da hannuna na buɗe.

Hajiya Kulu ta sa hannu cikin ƙanƙarar ta zaro kwalba ta farko, ta ɗaga ta saitin rana. Ɗan jan nama yana lilo a ciki, ga jan rubutun boko a jiki. Ta ajiye, ta zaro ta biyu, ta uku, tana jera su a kan tabarma kusa da turaruka. Sannan ta laluba ƙasa ta ciro ledar, ta warware. Ɗan tayin ya fito kwance a tafin hannunta, da 'yan ƙafafunsa a naɗe, idanu a rufe, cikinsa a tsage.

Na taɓa jin salati a rayuwata, amma ban taɓa jin na mata da yawa haka ya tashi a tare ba. Masu jarirai suka rungume su suka ja baya. Wata ta fara karanta Falaƙi da Nasi da ƙarfi tana tofawa ta wajena. Wata tsohuwa ta ce, “Ɗan tayi cikin lefe! Mahaifar yarinya za a ɗaure!” Wata kuma daga baya ta ce, “Ni dai na yi mamaki, malamin makaranta da leshi har haka. Ashe kuɗin asiri ne.” Ku tuna zamanin ne da mutum zai kwana talaka ya tashi da mota, kuma duk wanda arzikinsa ya zo da sauri sai an ce ya ba da wani abu. Ga ni na kawo musu hujja a cikin ƙanƙara, da jan rubutu, na kuma yi ihu kada a buɗe.

Na buɗe baki in yi magana, abin da ya fito shi ne, “Na tunkiya ne.” Wannan bai taimaka ba ko kaɗan.

Abin da ya fi ci mini rai ba ihun ba ne, Gwaggo Asabe ce. Ta zauna daɓas a kan tabarma, ta ja gyale ta rufe rabin fuskarta, ba ta ƙara kallon kowa ba. Ita ce ta ɗauko abin nan da kanta ta aza a kan akwatin farko, ta shigo da shi gidan mutane ana mata guɗa. Ta wata taga kuma, a bayan labule, na ga inuwar mutum ta motsa, na san Saude ce, kuma al'ada ba ta ba ta damar fitowa ba.

Aka aika kasuwa aka kira Alhaji Maiwada. Bayan sallar la'asar ya zauna a zaure kan buzunsa, ni ina durƙushe a gabansa, kwalaben da ledar an jera su a faranti a tsakaninmu. Gwaggo Asabe da Hajiya Kulu suna zaune daga bakin ƙofar ciki, sauran mata kuma na san suna bayan bango sun kasa kunne. Alhaji mutum ne mai sanyin magana. Sai da ya gaishe ni tsaf, ya tambayi Inna, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, sai ka ce ba ɗan tayi a gabanmu. Sannan ya nuna farantin da carbi ya ce, “To Malam, wanga fa?”

Duk mai hankali zai faɗi abin a jimla uku ya ba da haƙuri. Ni kuwa da na ga an ba ni fili, ga manya sun yi shiru suna jira, sai malamin ya motsa. Na fara daga ƙwayar halitta. Na bi ta fata, na shiga hanji, na gangara ƙoda. Na yi bayanin zaren da ke ba tabarmar ƙarfi da wanda ƙwayoyin ke kamawa su manne, na faɗi yadda ake zargin saƙar ɗan tayi tana sauyawa in ya girma, na kawo saɓanin masana. Har ɗaga kwalba na yi ina nunawa. Ina cikin yi na lura carbin Alhaji ya daina motsi, kansa ya ɗan sunkuya. Na ɗauka nazari yake, sai na ƙara ƙaimi. Tarin Hajiya Kulu ne ya farkar da shi.

Ya gyara zama ya ce, “Na ji. To ita wagga tabarma, mi ya haɗa ta da ɗiyata?”

“Babu komai, Alhaji. Gwaggo ce ba ta san abin da ke ciki ba.”

“Ba ta tambaye ka ba?”

Daga bakin ƙofa Gwaggo Asabe ta amsa, muryarta a ƙasa: “Na tambaye shi, Alhaji. Ya ce mani ba zan gane ba.” Sannan ta juyo gare ni. “Ashe duk abin, shimfiɗar jariri daban, ta babba daban. Wannan ne ba zan gane ba, ɗan nan? Ni da na sake maka shimfiɗa tun kana jiƙa ta?”

Wani ya yi dariya a bayan bango, aka yi saurin tsawatar masa. Ni dai na so ƙasa ta tsage in shige. Duk ihun da aka yi mini a tsakar gida bai kai wannan zafi ba, don wancan zargin ƙarya ne, wannan kuwa gaskiya ce tsagwaronta.

Alhaji ya ce, “Tashi ka tahi, Malam. Ka bar kayan nan. Za ku ji daga gare mu.”

'Yan kai lefe suka dawo gida ba tukuici, ba ko ɗan cincin ɗin da ake ba su su riƙo, kuma kowa ya san ma'anar wannan. Abin da ya rage shi ne a ga akwatuna sun dawo, domin in aka maido lefe an gama magana ke nan. Ban tafi jami'a ba. Na je ɗakin Gwaggo na durƙusa na ba ta haƙuri, ta ce ta yafe, amma ba ta kalle ni ba. Kwanakin da suka biyo baya, duk motar da ta rage gudu a ƙofar gidanmu sai in leƙa in ga ko akwatunan ne aka maido. A kwaleji ɗalibai suna ganina suna sunkuyar da kai, labari ya riga ya zaga gari, har an ƙara masa gishiri an ce ɗan mutum ne. Sai a lokacin na gane cewa tabarmar ƙoda za ta iya jira har abada ban damu ba, Saude ce ba zan iya rasawa ba.

Wata safiya ina zaune a tsakar gida na ji sallama. Hajiya Kulu ce da kanta, da farin gilashinta, ta riƙo wani abu a lulluɓe da tawul. Na ce shi ke nan, an fara maido kaya, an fara da ƙarami, akwatunan suna tafe. Inna ta shimfiɗa mata tabarma, aka kira Gwaggo Asabe, suka shiga gaisuwa. An tambayi Alhaji, an tambayi yara, an tambayi zafi, an koma an sake tambayar Alhaji, ni ina rakuɓe a gefe ina kallon tawul.

Da ta ga dama ta yaye shi. Langa ce ta abinci, tsohuwa, duk fentinta ya ɓanɓare. Ta buɗe. Ƙanƙara ce cike, ga kwalabena a jere, ga ledar an sake naɗe ta da kyau.

Ta ce, “Ga tsiyarka nan. Mu mun so a haƙa rami a rufe, ɗiyar nan ta ce atabau. Ta ce ta san abin, ta sha jin labarinshi har ya ishe ta. Kullum sai ta aika wurin masu kifi an sawo ƙanƙara, ta hana kowa sakat, wai kada aikin Malam ya lalace.”

Gwaggo Asabe ce ta yi tambayar da ke bakin kowa: “To Alhaji fa, mi ya ce?”

“Alhaji ya ce shi ya zauna da mutane iri-iri a kasuwa, ya san masu asiri. Ya ce mai asiri gajeruwar magana gare shi. Wanda zai iya sa shi gyangyaɗi tsakanin la'asar da magariba, abin da bai taɓa yi ba tun da yake, wannan ba mugu ba ne, malami ne kawai, sai dai a taya Saude da addu'a.”

Inna ta tuntsire da dariya. Ni kuwa, da yake hali ba ya barin mai shi ko a irin wannan rana, sai na ji bakina ya ce, “Hajiya, fulas ɗin fa?”

Ta sauke gilashi ta dube ni ta samansa. “Wane fulas? Wanda gwaggonka ta shigo da shi ana guɗa? Ai ya shiga lefe. Abin da ya shiga lefe ba ya fita sai in an fasa. Ko so kake a maido maka?”

Na ce, “A'a! A'a, Hajiya, a bar shi!”

Gwaggo Asabe ta saki guɗar da ta maƙale tun ranar Asabar, sai da maƙwabta suka leƙo. Sannan ta dube ni, karo na farko tun ranar, ta ce, “Wannan kam ka gane da sauri.”

Naman cikin kwalaben dai ya riga ya tashi daga aiki. Irin wannan bincike ba ya son nama ya kwana ya wuni a ƙanƙarar kifi, tana narkewa ana sakewa. Na kai jami'a don kawai kada wahalar Saude ta tafi a banza, aka duba aka zubar, na koma sintirin kwata na tsawon watanni kafin na sake samun wani ɗan tayin, wanda na ɗauka a langa kamar kowa. Ban taɓa gaya wa Saude ba. A saninta, da ƙanƙararta na samu digirina na biyu, kuma in aka bi ta wata hanyar ba ta yi kuskure ba.

Fulas ɗin yana nan har yau a ɗakinta, ya ɗan lotsa a gefe, kunun azumi take zubawa a ciki, ni kuma ban da izinin taɓa shi. Abin da na koya bai taka kara ya karya ba: in tsohuwa ta tambaye ka abin da ke cikin kwanonka, ajiye digirinka ka buɗe mata, in kuma surukinka ya tambaya, ka taƙaita. Jikokinmu kan zagaye fulas ɗin su ce, “Kaka, mene ne a ciki?” Sai Saude ta dube ni ta wutsiyar ido, ta ce musu, “Ba za ku gane ba. Ya fi zinari.”